Akwai Mutum a Ciki

A kan jirgin ƙasa aka kawo jirginmu na yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku daga Bremen, gunduwa-gunduwa, an lulluɓe shi da tamfol. A Antwerp aka haɗa shi. Cikin waɗanda suka haɗa shi akwai Harm Detjen, maƙerin jirgin ruwa ne tun yana saurayi. Da aka gama aikin, sai manya suka ce tunda ya san kowace ƙusa da ke jikin jirgin, ya shiga ya zauna a ciki. Baba Harm muke ce masa, don shi kaɗai ne mai furfura a cikinmu. Kyaftin ɗinmu ma, Brodersen, bai girme ni da wani abin kirki ba.

Ni sunana Enno. Kafin yaƙi kifi nake kamawa tare da kawuna a Norderney. A jirgin, injin batir aka ba ni, wanda ke tura mu idan mun nutse.

Jirgin ƙarami ne ƙwarai. Fiete, kukunmu, mutumin Hamburg mai baki, shi ya raɗa masa Tukunya, sunan kuma ya bi shi. Gabansa duk rijiyoyi ne guda shida a karkace, sun huda shi daga sama har ƙasa, ruwan teku na shiga yana fita yadda ya ga dama. Kowace rijiya da nakiya biyu, ɗaya kan ɗaya. Da zarar an loda su a tasha ba mai sake taɓa su, sai dai a ja wani ƙarfe daga ciki su sulale ƙasa. Mu sha huɗu kuma muna cunkushe a ɗan wurin da ya rage a baya. Inji ɗaya, farfela ɗaya, mai keke ma sai ya wuce mu. Ba a gina mu don faɗa ba. Namu shi ne mu lallaɓa bakin kogunan Ingila mu zuba abin da muka ɗauko, mu lallaɓo gida. Batirinmu ba ya jimre yawo, saboda haka idan gari ya waye mukan sauka mu kwanta a kan yashin ƙasan teku, mu jira duhu.

Tukunya tana da 'yar'uwa. Jirgin ƙasa ɗaya ya kawo su, hannu ɗaya ya haɗa su, ba ka bambanta su sai da lamba. Ita Fiete ya kira Murfi. A cikinta Gerd yake, ɗan Baba Harm guda ɗaya, wanda ya taso yana riƙe wa ubansa ƙusa a wurin ƙira. Uwar yaron ce ta roƙa kada a haɗa shi da ubansa jirgi ɗaya, aka kuwa yi mata yadda take so.

Murfi ta riga mu fita daga tasharmu ta Bruges zuwa bakin kogin Thames, ba ta dawo ba. A Bruges ba a cewa jirgi ya ɓata, sai a ce ya yi latti. Tana cikin lattin nan aka tura mu wuri guda da ita. Baba Harm ya bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana duba lodi kamar kullum.

Da safe muka kwanta a kan yashi, nakiyoyinmu duka suna cikinmu. Kowa ya tuɓe takalmi ya zauna da safa. Gumin bango na ɗiga mana a wuya. Fiete ya raba baƙin burodi da ɗan man alade, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Enno, buɗe baki in gani. To, haƙoranka na nan. Ka kiyaye su, burodin yau Baba Harm ne ya ƙera shi."

"Da ni na ƙera shi da an iya ci," in ji Baba Harm.

Muna dariya a hanci sai muka ji farfela a sama. Irin jiragen masuntan nan ne da Turawan Ingila suka mayar na sintiri, muna gane su da tafiyarsu ta nawa. Ya zo daidai kanmu, ya ɗan wuce, sai injinsa ya mutu. Kowa ya san ma'anar hakan. Sun sako kunnen ƙarfe cikin ruwa suna saurare. Kyaftin ya ɗaga yatsa ɗaya. Fiete ya ajiye wuƙarsa a kan cinyarsa kamar mai ajiye ƙwai.

Cikin wannan shirun bugun ya zo.

Ba daga sama ba. Daga gefe, ta cikin yashi, can nesa kaɗan. Ƙarfe kan ƙarfe. Biyu a jere, a ɗan tsaya, sai ɗaya. Ya yi shiru, ya sake.

Da farko na ɗauka sarƙar wata nakiya ce igiyar ruwa ke kaɗawa. Sai na dubi Baba Harm. Burodi na bakinsa bai tauna ba. Ya juya a hankali ya manna kunnensa da bango.

Kyaftin ya rarrafo kusa, ya kai bakinsa kunnen tsohon. Ni ina gefensu, na ji komai.

"Mene ne, Baba?"

"Bugun wurin ƙira ne, Yallaɓai."

"Me yake nufi?"

"Idan za mu rufe tanki, wani lokaci akwai mai riƙe ƙusa a ciki an manta da shi. Sai ya buga haka. Akwai mutum a ciki, kada a rufe." Ya haɗiye burodin da ƙyar. "Daga bayan rijiya ta shida yake bugawa. Ka ji yadda ƙarfen ke amsawa? Namu ma haka zai yi. Ni na buga ƙusoshin wurin."

"Ko wani ne daban," in ji kyaftin.

"A Murfi mutum ɗaya ne ya taɓa aiki a wurin ƙira."

Kyaftin ya gane Gerd yake nufi.

Hannun Baba Harm ya tafi aljihun cinyarsa, inda 'yar gudumarsa take. Kyaftin ya dafa shi.

"Ba yanzu ba, Baba."

"Ba a barin bugu babu amsa, Yallaɓai. Ko maƙiyinka ne a ciki."

"Na sani. Shi yana can gefe, ba su damu da shi ba ko ba su ji shi ba. Mu muna ƙarƙashinsu, cikinmu cike da nakiya. Bam ɗaya ya ishe mu." Ya juyo gare ni. "Enno, zauna da shi."

Na matsa na zauna. Ban san yadda ake riƙe babban mutum ba, sai na ɗora hannuna a kan wuyan hannunsa kamar yadda nake yi wa kakata idan za ta hau tudu. Bai fizge ba. Hannun na da kauri, duk kanta, jijiyarsa na harbawa a tafina.

Bugun ya ci gaba. Yakan daɗe bai zo ba har in ce ya ƙare, sai ya dawo. Duk sanda ya zo, yatsun Baba Harm sukan motsa a ƙarƙashin nawa, suna bin sa.

Ban san iya zaman da muka yi ba. Iska ta yi nauyi, kai ya fara sarawa, fitilar sama ta koma ja-ja don ana tattalin batir. Ba mai kallon kowa. Jirgin nan da nake ciki kullum sai ya zame mini baƙo. Ina duban wurin zamana ina cewa a raina, can ma akwai irinsa, da mai injin batir a zaune ko a kwance. Na san shi, Uwe sunansa, yana da ɗan gemu da bai cika ba. Inda Fiete ya rataye tukwanensa, can ma akwai ƙugiyoyin. Sai dai can babu fitila, kuma ban san inda ruwa ya kai musu ba.

"Yaro," Baba Harm ya ce, leɓensa kawai ke motsi. "Yana gajiya. Ka ji na ƙarshen ba ya fita sosai?"

"Na ji, Baba."

"Hannun hagunsa ne. Da dama ba ya sakin guduma haka."

Na ƙara riƙe shi kaɗan.

Fiete ya jawo jiki ya miƙo masa kofin ruwa. "Sha, tsoho. Ɗan naka taurin kai gare shi kamar ubansa, ba zai daina ba sai ya hana mu barci." Ya koma wurinsa da sauri.

Can sai muka ji Tukunya ta ɗan jirga a kan yashi. Ruwa ya juya. Ba a daɗe ba injin sama ya yi tari ya tashi, farfelar ta fara yin nisa. Kyaftin ya tsaya da kunnensa a bango har sautin ya ɓace gaba ɗaya, ya ƙara jira, sannan ya juyo.

"Sake shi, Enno. Baba, amsa masa."

Na ɗauke hannuna. Baba Harm ya fito da gudumar, ya rarrafa zuwa bayan rijiya ta shida, ya durƙusa. Ya ɗaga ta. Bai buga ba.

"Yallaɓai, za mu iya fito da su?"

Kyaftin ya dubi ƙasa. Kowa ya san amsar. Ba mu da mai nutso, ba mu da igiya, ba mu da ƙofar da ke buɗewa cikin ruwa, kuma muna bakin ƙofar abokan gaba. Ko Bruges ta ji labari, babu wanda za ta turo nan.

"Ba za mu iya ba, Baba. Kuma dole mu tashi, iska ta kusa ƙare mana."

"To ai amsar ɗaya ce tak." Yana magana yana kallon bangon. "Uku a jere. Na ji ka, ina zuwa in buɗe. Ba mu da wata. Ba mu taɓa buƙatar wata ba."

Bugun ya sake zuwa, a raunane, na ƙarshen kamar an ja cokali a faranti.

"Idan ban amsa ba, zai yi ta yi har hannun ya mutu," in ji Baba Harm. "Idan na amsa, zai ajiye ya jira ni. Haka na koya masa." Ya waiwayo, ba kyaftin ya duba ba, ni ya duba. "Kai da kake ɗan wani, wanne za ka so?"

Na tuna sanda hazo ya taɓa rufe ni a kwalekwale ni kaɗai, ina ta kira, har na ji busar ƙahon kawuna daga inda ban sani ba.

"Zan so in san an ji ni, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya buga sau uku, da ƙarfi, irin na mai aiki. Ƙarar ta bi jikin Tukunya duka, na ji ta a tafin ƙafata.

Muka jira.

Babu abin da ya dawo. Ruwa kawai ke shafar bango. Baba Harm ya daɗe a durƙushe, goshinsa a jikin ƙarfen.

"Ya ajiye," ya ce.

Kyaftin ya share fuskarsa da hula. Ya ce wa mai tuƙi ba a nan za mu zuba nakiyoyin ba, za mu gangara kudu, shi zai yi wa manya bayani. Sannan ya ce a hura iska a tanki ta kori ruwa, a tashi.

Baba Harm ya taso ya zo wurina, ya tsuguna kusa da injin.

"Ɗana, zai ji farfela. Ya san muryarta, irin tasu ce."

"Zai ji, Baba."

"Kada ka ba ta wuta gaba ɗaya. Ka tayar da ita a hankali, yadda mai matsowa kusa yake yi."

Na dubi kyaftin. Ya kau da kai, bai hana ba.

Na ɗora hannu a kan madannin injin, na tura shi ɗan kaɗan, ƙasa da yadda na taɓa yi. Farfela ta juya kamar ba ta so. Yashi ya saki cikin Tukunya da wani dogon ƙuga, muka ɗaga. Mai tuƙi ya karkata mu kudu. Baba Harm ya koma bayan rijiya ta shida ya zauna, kunnensa a bango. Ni kuma na riƙe injin a haka, ban ƙara masa ba, har allurar ma'aunin batir ta fara sauka, har kyaftin da kansa ya zo ya dafa kafaɗata ya ce ya isa.