Gashin Marvel

Manniru yana cikin karkaɗe gashin yaro na shida daga jikin tsummansa sai ga Mista Dominic ya sake fitowa daga ofis, riƙe da kwalar rigar wani yaro. Ya tsayar da shi a gaban kujera.

"Ga na ƙarshe. Ka sauke shi duka, kamar na sauran."

Litinin ɗin farko ce ta sabon zango. Shekara huɗu ke nan duk irin wannan rana makarantar takan aika a kira Manniru, ya ɗauko injin askinsa, ya kafa kujera a gindin mangwaron da ke bayan ofishin malamai, a yi ta turo masa yaran da suka dawo hutu da irin gashin da doka ta hana: masu tara suma, masu zane a gefen kai, masu rina gashi. Shagonsa na kwano a jikin katangar makarantar yake ta waje, kuma da yardar makaranta ya kafa shi. Shi ya sa in an kira shi ba ya cewa yana da aiki.

Ya ɗago kai ya dubi yaron, sai hannunsa ya tsaya.

Marvel ne, ɗan Christina mai sayar da abinci, wadda ɗakinta ke kallon nasa a can saman tudun Mpape. Tun da aka haifi yaron gashinsa a murɗe yake, ya haɗe igiya-igiya, irin wanda mutanen unguwa ke kira dada. Shekararsa goma sha biyu, reza ba ta taɓa hawa kansa ba. Yau ne ranarsa ta farko a sakandare. Uwar ta tattara gashin ta ɗaure masa a baya, ta yi ƙoƙarin cusa shi cikin kwala, amma bai ɓoyu ba.

Wata rana, shekaru biyu da suka wuce, Manniru yana cin shinkafa a rumfarta ya tsokane ta cewa ta kawo masa Marvel ya aske shi kyauta. Christina mai yawan dariya ce, amma ranar ba ta yi ba. Ta ajiye ludayi ta ce, "Manniru, kar ka ƙara faɗa wannan magana ko da wasa." Sannan ta ba shi labarin ɗanta na fari, Michael, wanda shi ma da irin gashin ya zo. Sun je gida Kirsimeti, wani kawun mijinta ya ce abin kunya ne, ya sa aka aske shi tana kasuwa. Kwana uku yaron ya yi ya rasu. Shi Manniru a ransa ya san ajali ne, ba ya yarda da camfi. Amma ya ga fuskarta a lokacin, kuma bai manta ba.

"Oga," ya ce da Mista Dominic, "wannan a bari uwarsa ta zo."

"Na gaya wa uwarsa tun ranar da suka kawo takardu. Ta ce ta ji."

"Na san gidansu, oga. Akwai dalili."

"Kowa yana da dalili." Mista Dominic ya share gumin wuyansa da hankici. Shi ne malamin ladabtarwa, kuma tun da asuba yake tsaye a bakin ƙofa. "Da safen nan na mayar da yarinya gida saboda kitson roba. Na mayar da wata saboda hijabinta ya wuce tsawon da aka ce. Uban nata ya zo har nan ya ce min ina nuna bambanci. Yanzu in bar wannan ya shiga aji haka, gobe me zan gaya masa? Ka yi aikinka, Malam."

Manniru ya dubi injin da ke hannunsa. Ya dubi katanga, inda ake hango rufin shagonsa ta sama. Ya kashe injin ya sa a aljihun riga.

"Ka yi haƙuri, oga. Ba zan iya ba."

Mista Dominic bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu cikin jakar kayan aikin Manniru da ke buɗe a ƙasa, ya zaro almakashi, ya danna kafaɗar yaron ya zaunar da shi. Gashin ya yi kauri, almakashin ya yi ta cizo kafin ya ratsa. Igiya ta farko ta faɗi a kan ƙasa da ɗan nauyi. Ta tagogin azuzuwa yara suka leƙo, babu mai magana. Marvel bai yi kuka ba, bai kuma motsa ba. Ya riƙe gefen kujera da hannu biyu yana kallon takalminsa sabo.

Da ya gama, kan yaron ya zama tudu da kwari, wani wuri har fata, wani wuri guntayen igiya a tsaye. Mista Dominic ya jefa almakashin cikin jaka.

"In ka ga dama ka gyara masa. In ba ka ga dama ba, ya tafi aji haka. Maganar shagonka kuma, za mu yi ta da shugaban makaranta."

Ya juya ya koma ofis.

Daga wata taga wani ya fara dariya, wasu suka ɗauka. Marvel ya ɗago ido.

"Baba Manniru, ka gyara min. Kar su gan ni haka."

Manniru ya ciro injin daga aljihu. Sannan ya ɗaura masa tsumma a wuya, ya kunna injin. Da ya dafa kan yaron don ya karkata shi, sai ya ji zafi a tafin hannunsa, zafin da ba na rana ba.

"Ba ka da lafiya ne?"

"Tun jiya kaina yana ciwo. Ban gaya wa Mama ba. Za ta ce in zauna a gida."

Ya aske shi tas, a hankali, yadda yake yi wa jarirai ranar suna. Fatar kan ta fito fara-fara, da ɗan tabo a bayan kunne wanda ko yaron bai san da shi ba. Ya ce masa ya je ya gaya wa malamin aji ba shi da lafiya, yaron ya ce to. Da ya tafi, Manniru ya durƙusa ya tsince igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya hure musu ƙasa, ya zuba a baƙar leda ya ɗaure. Sauran gashin ya share ya kai bola kamar kullum.

Ya so ya hau tudu ya sami Christina nan take. Ya kulle jaka, ya fito bakin titi, sai ya tsaya. Me zai ce mata? A gaban masu cin abinci? Ya ce a ransa bari rana ta yi sanyi, bari kasuwarta ta tashi. Ya buɗe shago ya rataye ledar a ƙusa.

Mutum biyu kawai ya aske har azahar. Manyan motocin dutse suna ta wucewa suna girgiza kwanon shagon. Wajen ƙarfe biyu aka tashi makaranta, yara suka fito tururu, ya yi ta duban kawuna bai ga wanda yake nema ba. Daga wurin fasa dutse aka tayar da nakiya, madubin bango ya yi rawa, ƙura ta zubo daga rufi.

Ya idar da sallar la'asar ke nan Rilwanu ya tsayar da babur a ƙofar shago bai kashe ba. Ɗan garinsu ne, tsakar gida ɗaya suke haya.

"Ka kulle shagon nan ka hau."

"Lafiya?"

"Ɗan Madam Christina ya faɗi a rumfarta. Ya shigo ta ga kansa ta kurma ihu, shi kuma ya zube yana jijjiga. Ni na kai su asibitin bakin kasuwa." Rilwanu ya waiga ya dubi titi. "Yaran makaranta sun ce sun ga kana aske shi. An kira ubansa Zacharias daga wurin aiki. Ya zo da mutanensu na wurin fasa dutse, su kusan takwas. Sun je ɗakinka sun buga, ba ka nan."

"Sun yi wani abu?"

"Ba su yi komai ba. Sun tsaya a tsakar gida suna kallon ƙofofi. Matata ta shigar da yara ɗaki ta sa sakata. Ka zo in kai ka mahaɗa ka sami motar Kubwa, ka kwana biyu wurin yayanka har a ga yadda yaron zai yi."

Manniru ya zauna a kan benci. Shekararsa tara a unguwar nan. Ya san yadda ake zaune: famfo ɗaya, layi ɗaya, ana ci a rumfa ɗaya, ana zuwa wa juna suna da jana'iza. Ya kuma taɓa ganin yadda magana ke sauya kama kafin ta gangara daga saman tudu zuwa ƙasa. A sama za a ce mai aski ya aske yaro. Kafin ta kai bakin kasuwa ba sunan mai aski za a kira ba, za a ce su ne suka yi wa ɗanmu. In aka zo aka tarar ya gudu, ɗakin Rilwanu yana nan, teburin mai shayi yana nan, masu turin ruwa suna nan, a kansu za a huce.

Ya tashi ya ciro ledar daga ƙusa.

"Kai ni asibitin."

"Manniru, ba ka ga idon mutanen nan ba."

"Kai ni. In ka sauke ni ka wuce, kar ka tsaya."

Asibitin gida ne mai ɗaki huɗu da aka yi wa farin fenti, da baranda a gaba. Tun daga nesa ya hango su, wasu zaune a benci wasu jingine da bango, farar ƙurar dutse a gashinsu da girarsu. Hirar da suke yi ta mutu da ya sauka daga babur. Wani saurayi ya miƙe, wani ya riƙe masa hannu. Manniru ya yi sallama, babu wanda ya amsa.

Zacharias yana tsaye a bakin ƙofa. Direban tifa ne, dogo, marar yawan magana, kuma duk ƙarshen wata a shagon Manniru yake aski. Ya dubi Manniru, ya dubi ledar, ya matsa gefe kaɗan, daidai wucewar mutum ɗaya.

A ciki Marvel yana kwance an sa masa ƙarin ruwa, idonsa a rufe, leɓensa a bushe. Kan nan fari a kan matashi ya sa ya zama kamar wani yaro daban. Christina tana zaune a gefen gado da zanin aikinta, manja a gefensa. Wata nas tana gyara robar ruwan.

"Zazzaɓin cizon sauro ne, ya hau masa kai," in ji nas ɗin, kamar ta gaji da maimaitawa. "Na gaya musu. Ya kwana biyu a jikinsa. Mun yi masa allura. In ya farka kafin safe, to. In bai farka ba sai babban asibiti."

Ta fita. Christina ba ta nuna ta ji ba.

Manniru ya durƙusa ya ajiye ledar kusa da ƙafarta.

"Maman Marvel, ga shi. Ban bar ko ɗaya ba."

Ta ɗauka ta kwance. Ta sa hannu ta ciro igiya ɗaya, ta daɗe tana shafa bakin da aka yanke. Sannan ta ciro wata, ta haɗa su ta duba. Shekara goma sha biyu tana wanke gashin nan tana shafa masa mai.

"Wannan ba aikin inji ba ne," ta ce, muryarta a dishe. "An yi ta gutsura shi ne. Kai ba ka yanka haka."

Ta ɗago ta dubi Manniru.

"Wa ya fara?"

Ya ji motsi a bayansa. Zacharias ya shigo, saurayin nan da aka riƙe ɗazu yana leƙe ta kafaɗarsa, wasu kawunan a taga. Kowa a unguwar ya san gidan Mista Dominic, mai koren ƙyaure a bayan coci, tafiyar minti biyar daga nan. Yanzu haka matarsa tana ƙofar gida tana suyar ƙosan yamma, 'yan matansa biyu suna taya ta. Suna ɗaya kawai zai faɗa, barandar ta zama wayam, shi kuma ya tafi gida.

"Ni na sa masa inji," ya ce. "Wannan da hannuna na yi, ba zan ɓoye ba. Sauran kuma a gaban Marvel aka yi. In ya farka shi zai gaya muku da bakinsa."

"In bai farka ba fa?" in ji saurayin.

Babu wanda ya juya ya dube shi. Christina ta mayar da igiyoyin cikin leda, ta ɗaure, ta cusa a ƙarƙashin matashin yaron.

Zacharias ya fita baranda ya dawo da kujerar roba. Ya ajiye ta a jikin bango, nesa da ƙofa, inda duk mai son fita sai ya bi ta gabansa.

"Zauna," ya ce.

Manniru ya zauna. Zacharias ya jingina da ƙyauren ya harɗe hannu. A waje an fara kiran magariba, masu baranda ba su tashi ba. Su ukun suka zuba wa robar ido, ruwan yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya.