Shat Mai Saƙar Ƙashin Kifi

Shekara ashirin da uku Malam Ilu ya yi yana wanki da guga a wani lungu a Madabo, ba a taɓa cewa ko hular wani ta ɓata a hannunsa ba. Sai ranar da maƙwabcinsa Alhaji Mikail, tsohon ma'aikacin banki, ya tare shi a ƙofar masallaci bayan La'asar. Ya ɗaga wata shat ruwan bula a gaban jama'a ya ce ba tasa ba ce, tasa daga Ingila ya zo da ita, Ilu ne ya musanya masa da ta gwanjo. Ya jefar da ita a ƙasa ya shige gida.

Kowa a lungun ya san sun daɗe ba sa ga maciji saboda ruwan wanki da ke bi ta ƙofar gidan Alhaji. Duk da haka mutane suka riƙa janye kayansu ɗaya bayan ɗaya. Cikin wata huɗu Malam Ilu ya rufe shago, ba a jima ba hawan jini ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

'Yarsa Luba ce ta adana rigar a ƙasan akwatinta. Tela ce yanzu, amma ta yi shekara shida tana duba yadi a wata masaƙa kafin a rufe ta, don haka ta karance rigar tsaf. Zarenta a karkace ya tafi, layi ɗaya ya yi dama, na kusa da shi ya yi hagu, kamar ƙashin kifi. A ƙarƙashin aljihu kuma akwai kuskuren masaƙa, inda layi biyu suka bi gefe ɗaya. Ta tabbata rigar Alhaji ce, hujja ce kawai ba ta da ita.

Bayan shekara uku, Ikram 'yar Alhaji ta sa wani tsohon hoto a waya, na ranar da ta gama jami'a tun kafin wannan rigima, mahaifinta a gefenta cikin shat ruwan bula. Luba ta ja hoton da yatsu biyu har ƙirjinsa ya cika wayar, sai ga kuskuren masaƙar nan a ƙarƙashin aljihu. Ta yaba wa Ikram hoton, ta roƙe ta ta turo mata na asali, sannan ta kai shi wajen mai hoto aka wanke mata babba.

Ba ta je gidan Alhaji ba. A gaban mutane aka ci mutuncin mahaifinta, a gabansu take son ramawa. Ta jira ranar Juma'a da yamma, lokacin da dattawa suke zama a tabarma a ƙofar masallacin, Alhaji Mikail yana cikinsu. Ta durƙusa ta gaishe su, ta shimfiɗa rigar da hoton a gaban Liman, ta miƙa masa ɗan gilashin da take duba zare da shi. Ta nuna masa yadda saƙar ta tafi, ta roƙe shi ya duba ƙarƙashin aljihu a hoton, sannan a rigar. Liman ya daɗe a sunkuye. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba.

"Luba, ai wannan magana ta wuce," in ji Alhaji Mikail.

"A gidanmu ba ta wuce ba, Alhaji. Tana nan kwance a kan katifa, ni nake juya ta safe da yamma."

Liman ya ce wa Alhaji haƙƙin mutum ne a kansa, ya je ya nemi gafara tun suna raye. Washegari Alhaji ya aiko direbansa da shadda yadi goma. Luba ta mayar ko buɗewa ba ta yi ba. Sai bayan kwana takwas ya zo da kansa, ya zauna a bakin katifar, ya fara kame-kame wai idonsa ne ya yaudare shi. Bai ƙarasa ba Malam Ilu ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya ce da harshensa mai nauyi ya yafe.

Wannan saurin yafiya ya ƙona wa Luba rai. Ta tsaya a bakin ƙofa, Alhaji ya fito ya raɓa ta, ba ta ba shi hanya ba, ba ta kuma yi masa sallama ba. A ranar ta rataye rigar da hoton a shagonta, duk wadda ta kawo ɗinki ta tambaya sai ta ji labarin daga farko. Sau biyu Liman yana aiko mata ta sauke, a na biyu ta cire hoton kaɗai. Ikram ta daina yi mata magana. Alhaji Mikail kuwa ya koma yin salla a wani masallaci can wajen Ƙofar Mazugal, duk da ciwon gwiwar da yake fama da shi.