Kwalin Allura a Kwandon Shara

"Yaushe aka yi maka allurar wata ta ƙarshe?" mai ɗaukar hoton ciki a asibiti ta tambaya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sati huɗu ke nan," in ji Tela.

Yayarsa, da ke riƙe masa takalma a bakin ƙofa, ta ji ranta ya ɓaci. Ƙarya yake shararawa, ko kunya babu. Shekara huɗu da yanke masa ƙari a hanji, abin ya dawo, likita kuma ya faɗa ƙarara: in hoto ya nuna bai bazu zuwa hanta ba, za a sake aiki, in ya bazu, babu zancen wuƙa. An ja masa kunne kada a yi allurar dab da hoton, don tana iya toshe inda ruwan hoton zai maƙale, hanta ta fito fes alhali da ɓarna a ciki. Shi kuwa gogan, dabarar ɓoye ɓarnar ya tsinta a gargaɗin.

Ta zaro kwalin allura daga jaka ta dangwarar a kan tebur.

"Shekaranjiya aka yi masa. A kwandon sharar shagonsa na tsinto wannan."

"Yaya, wa ya sa bakinki?"

Mai hoton ta ajiye biro. "Malam, ruwan nan da sunanka aka haɗa shi yau da safe, ba ya kwana. Mutum nawa ke jiran layi, ka sani? Sai bayan wata guda."

Tela ya juyo, idanunsa sun yi jawur. "Munafuka! Da hoton ya fito lafiya, da an yi min aiki. So kike in mutu ki huta."

"So nake a farke ka a banza? Injin za ka yaudara ko hantar?"

"Daga yau ba ni da 'yar'uwa."

Maganar ta yi mata ciwo sosai. Ta jefar masa da takalman. Ya sunkuya zai sa, ciki ya murɗe shi, ya dafe bango yana nishi, yana ci gaba da zaginta ƙasa-ƙasa.

Ta daɗe tana hararsa. Sannan ta durƙusa.

"Ɗaga ƙafa," ta ce.