Tafin Hannun Usta a Bayan Ɗakin Wanki

Shekara talatin da ɗaya mijina Mijinyawa, wanda ake kira Usta, wato babban makanike, ya yi yana gyaran tarakta a manyan gonakin dawa da riɗi, daga Hawata har Basunda. Da kunne yake aiki. Sai ya kafa sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya faɗi ciwon. Bana da damina ta kawo kai, mai gonar bai aiko mota ta ɗauke shi ba. Wai sababbin taraktoci da kwamfuta ake duba su.

Usta ya tura akwatin kayan aikinsa ƙarƙashin gado. Aiki ɗaya ya yi a gidan: ya kwaɓa baƙar laka ya zagaye katanga yana toshe ramuka, kamar yadda kowa ke yi a nan Gadarif ta Sudan kafin ruwan farko saboda kunama da maciji. A da ni nake yi, don a irin lokacin yana gona. Da ya gama ya koma rumfa ya zauna, ido a ƙofa. Zaman nan ya ƙona mini rai, don na san mutumin nan in hannunsa bai taɓa baƙin mai ba, ko abinci ba ya yi masa daɗi.

Ni kuwa wanki nake yi wa 'yan kasuwa, jallabiyoyi da rawuna. Da rani rana ta ishe ni. Da damina sai farin kaya ya kwana biyu a igiya yana warin danshi. Shi ya sa bara 'yarmu Saratu ta aiko mini injin busar da kaya daga Jidda, wanda nan muke kira nasshafa. Aka huda bangon ɗakin wanki, aka fitar da bututunsa ta baya. In kaya sun bushe sai ya yi ɗan kuka ya tsaya da kansa, yaro mai ladabi.

Ranar da na kunna shi bana, ladabin ya tafi. Tun hantsi yake juyi har la'asar, ɗakin ya ɗau zafi, kayan kuma ba su bushe ba. Ba ya tsayawa sai na zare waya.

Maƙwabciyata Hajo ta leƙo ta katanga. "Ya Jummare, ki kira Gado mai lantarki mana, kalas, a huta."

"A gidan Usta?" na ce. "Wallahi gara in koma shanya a igiya."

Da ƙarfi na faɗa don ya ji, kuma ya ji. Can sai ga ƙarar akwati ana jawo shi daga ƙarƙashin gado.

Ranar farko ya kwance agogon injin, ya bi wayoyi ɗai-ɗai da tabarau a karan hanci. Komai lafiya. Rana ta biyu ya duba maɓallin ƙofa, ya goge, ya mayar. Muka zuba kaya, injin ya ci gaba da juyinsa kamar da gayya. Usta ya zauna a kan bokiti.

"Ƙila dai gaskiyarsu ce, Jummare," ya ce. "Zamanin ya wuce ni."

Na fita neman kazata da ta ɓuya. A bayan ɗakin wanki na same ta, a nan kuma na ga abin. Bakin bututun an cika shi dam da laka, an shafe sumul, ga tafin hannu a kai, yatsa huɗu da rabi. Ɗaya rabin bel ɗin inji ne ya cinye wa Usta shi tun Saratu tana goye.

Dariya ta taso mini, na danne. Har na buɗe baki zan ƙwala masa kira, sai na tuna da fuskarsa a kan bokiti. In ni na nuna masa, injin zai gyaru, amma akwatin zai koma ƙarƙashin gado har abada. Na ɗauki kazata na koma, na kwana da maganar a ciki.

Da safe na kawo masa kofi da citta, na ajiye tsohuwar sukundirebar kusa da tiren.

"Ya Usta, kwana biyu kana ta kallonsa da tabarau. Yaushe ka fara aiki da ido?"

Ya dube ni, ya dubi sukundirebar. Ya tashi ya kunna injin, ya kafa ta, ya kara kunne, ya lumshe ido. Ya daɗe haka, ni ina ta addu'a a zuci.

"Motar injin tamam, lafiyarta lau," ya ce a hankali. "Ba rashin ji ba ne. Numfashi ne ba ya fita. Danshin yana komawa ciki, shi kuma yana ganin aikinsa bai ƙare ba."

Ya bi bututun da hannu har bango, ya fita, ya zagaya. Daga nan sai dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin girbin bara. Har Hajo sai da ta leƙo.

Ya farfasa lakar, ya zaƙulo dunƙulen zare, ya yanko raga ya ɗaure a bakin don kada kunama ta samu hanya. Muka zuba jallabiya shida. Kafin azahar injin ya yi ɗan kukansa ya tsaya. Daɗi ya kama ni.

Usta yana wanke hannu ya ce, "Gobe zan leƙa kasuwar taraktoci. Tsofaffin ba su ƙare ba." Ya karɓi tawul, bai dube ni ba. "Ke kuma, lakar garin nan ba ta riƙe sirri. Sawun silifas ɗinki na nan a gaban bututun, tun jiya."

"Kaza na je nema," na ce.

"Na sani," ya ce. "Allah ya bar mana kazar nan."