Batirin da Malam Ya Shanya a Rana

Tun da na sayi kwamfutar nan na zama baiwar dangi. Duk wanda ya tono tsohon kaset a ƙasan adaka sai ya nufo gidanmu a unguwar Mardjandafak: "Nuriyya, a sa mana a waya." Ko sannu babu. Amma wannan karon Kaka Hansatu ce da kanta ta miƙo mini kaset, a ƙunshe cikin tsohon ɗankwali.

Na mijinta ne, Malam Abdussamad, kakanmu da ya rasu tun ban zo duniya ba. A ciki ya ba da tarihin yadda iyayensa suka taso daga ƙasar Katsina a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare, suka yada zango a bakin kogin Chari, zangon da har yau ba mu tashi ba. Babu inda muryarsa ta rage sai nan. Kaka ba ta ce tana son ji ba, wa ya isa ya ji haka daga bakinta? Cewa ta yi, "Yaran nan ne suka dame ni." Ni kuwa na ƙudurta a raina sai ta ji mijinta.

Na goge kan rediyon da auduga da turare, na ɗaure zaren kaset ɗin da biro, na jona wayar rediyon zuwa kwamfuta, na danna. Innalillahi! Abin da ya fito ba muryar malami ba ce. Wani ƙi-ƙi-ƙi ne da gudu, kamar an shaƙe ɗan akuya. Na so in yi kuka, sai dariya ta riga.

Gwaggo Rahmatu, ƙanwar babana, ita ta warware mini. Ta ce Malam bai taɓa jefar da batir ba. In ya yi sanyi sai ya jera a kan kwano ya sha rana, ya ɗan gantsara masa haƙori, ya mayar. Shi ke nan na gane. Da batir mai rauni aka ɗauki maganar, zaren yana tafiyar hawainiya, yanzu kuma ga wuta a ƙoshe, dole ya zura da gudu. Gyaran ba wuya: akwai wani ɗan layi a kwamfuta, in na ja shi baya maganar ta lafa, muryar ta yi kauri. Matsalar ɗaya ce. Zuwa ina zan ja? Ni ban san mutumin ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kafa kwamfuta a tsakar gida, na kira waɗanda suka san shi. Baba Idi, babban ɗan Malam, ya taho daga mayankar Farcha da warin shanu a rigarsa. Mutum ne da in ya yi sallama a ƙofa ake amsawa a layi na uku, kuma kullum cewa yake muryar ubansa ya gada. Gwaggo ta zauna kusa da ni. Kaka tana can gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, ta ba mu baya.

Na ja layin kaɗan.

"Ƙara," in ji Baba Idi.

Na ƙara.

"Ke wai hannunki ciwo yake? Malam namiji ne, ƙara!"

To, shaiɗan ya zo mini. Na ja layin har ƙarshe. Kakanmu ya koma wani "muuu" mai tsawo, kalma ɗaya sai ka sha shayi kafin ta ƙare. Wallahi Baba Idi lumshe ido ya yi, ya ɗaga yatsa sama.

"Yauwa! Sak. Allah ya jiƙan maza."

Gwaggo ta tuntsire har kofinta ya zube. "Haba Yaya, wannan ai bijimin Farcha ne! Malam muryarsa siririya ce, mai zaƙi. Kai dai tsoronsa kake ji, shi ya sa."

"Ke da aka shagwaɓa me kika sani?"

Aka kaure. Ita ta ce a yi sama, shi ya ce a yi ƙasa, ni kuwa ina tsakiya ina yi musu yadda suke so, har da ƙari. Kakanmu ya zama yaro, ya zama sa, ya sake zama yaro. Na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Sai da na waiga na ga Kaka ta daina ɓara, hannunta kawai ke cikin ƙwarya, sannan jikina ya yi sanyi. Shekara da shekaru tana ajiyar abin nan, mu kuma mun mai da shi wasan yara.

Na ce, "Kaka, ke za ki raba gardamar nan."

"Ni ina ruwana? Ku da ubanku." Ko juyowa ba ta yi ba.

Na bar kaset ɗin yana tafiya, na toshe kunnena daga su Baba, na riƙa matsa layin a hankali, kaɗan-kaɗan, idona a bayan Kaka. Malam yana ba da labarin yadda aka haye kogi da jakuna. Muryar ta sauko daga ta yaro, ta fara zama ta mutum, mai ɗan shaƙewa a hanci. Sai ya yi tari, ya katse labarin, ya juya daga rediyon ya ɗaga murya:

"Hansai! Wai ruwan nan sai gobe ne?"

Ƙwaryar ta kife. Kaka ta yi wuf ta ja mayafi ta rufe kanta, ta yunƙura da gwiwoyin nan nata da kullum sai an kama ta.

"Na'am, Malam, ga shi nan zuwa."

Baba Idi ya cire hula ya share fuska. Ni kuwa na janye hannuna daga kwamfutar na ɓoye shi a ƙarƙashin cinya, kada tsautsayi ya sa in taɓa.

Kaka ta tsaya a tsaye, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, hawaye har haɓa.

"To me kuke kallo?" ta ce. "Ba ku ji mutum yana jin ƙishi ba?"