Kujerar Yaya a Gaban Kyamara

Tun ranar da ƙaninta ya shiga wannan karatun na intanet, Yaya ba ta sake samun sakewa a shagonta ba. Shagon ɗinki ne ɗan ƙarami, keke ɗaya, teburin yanka ɗaya, sai bencin masu jira. Amma duk layin, a shagon ne waya ta fi kama sabis. Don haka kullum da hantsi sai ga Farfesa da kwamfutarsa, ya ture yadin mutane gefe, ya kafa gwiwar hannu a kan teburin yanka kamar shi ya saye shi.

'Yan gida ne suka laƙaba masa Farfesa tun yana ƙarami, saboda ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba. Yanzu yana shekararsa ta biyu a kwaleji. Ita Yaya daga firamare aka kai ta koyon ɗinki, yau shekara goma sha ɗaya ƙafarta na kan keke.

"Wai me ake koya muku ne da kake ta gyaɗa wa allo kai kamar ƙadangare?" ta tambaye shi wata rana, allura a bakinta.

"Ƙirƙirarriyar basira, Yaya. Yadda ake koya wa na'ura ta gane abu da kanta. Kyauta ne kuma. Manufarsu ita ce kada a bar kowa a baya. Mata, nakasassu, talakawa, kowa da kowa."

"Har da ni ke nan."

Ya ɗan sosa ƙeya. "Ai fom ɗin yana tambayar sunan kwalejin da mutum yake."

"To kowa da kowan nasu ɗan guntu ne," ta ce, ta ci gaba da taka kekenta.

Da karatun ya zo ƙarshe aka ba su aiki. Kowane ɗalibi zai haɗa wani abu da zai amfani mai sana'ar hannu. Ranar gwaji kuma dole mai sana'ar ya zauna a gaban kyamara na minti biyar, ya faɗi yadda aikinsa yake. Wanda ya ci za a tura shi koyon aiki a wani kamfani. Farfesa bai wahalar da kansa ba, ya ce zai haɗa manhajar da za ta kalli riga ta waya ta ce ɗinkin ya yi kyau ko bai yi ba.

Yaya ta taɓe baki, ta ce ita da idonta biyu ba ta ga abin da za ta yi da na uku ba. Amma maganar minti biyar ɗin nan ta zauna mata a zuciya. Ita ba mai magana ba ce. Ko a biki bakin ƙofa take tsayawa. Shekara goma sha ɗaya ana tambayarta yaushe za a gama, ba wanda ya taɓa tambayarta yadda ake yi. A ɓoye ta yanka wa kanta sabuwar riga ruwan toka, ta ɗinke ta a hankali, ta ninke ta cusa cikin jaka. In ba kowa a shagon sai ta tsaya gaban madubin gwaji tana jera abin da za ta faɗa, ta yi ƙasa da murya kada mai gyaran waya na kusa ya ji.

Farfesa ya ce na'urar tana bukatar hotuna ɗari uku. Ya bi kayan da ta gama, waɗanda ta goge ta rataye, yana ɗaukarsu ta gaba, yana matsawa baya yana karkata kai kamar mai hoton amarya.

"Ba ta nan ake duba ɗinki ba," ta ce masa.

"Yaya, ki bar ni. Wannan ba ɗinki ba ne, kimiyya ce."

"Marasa kyan fa? Ga buhu nan ƙarƙashin tebur, duk kayan da na ɓata ne tun ina koyo. Ban yar da ko ɗaya ba."

Ya leƙa buhun ya yamutsa fuska. "Tsummokara zan nuna wa duniya? Mutane daga ƙasa nawa ne za su kalla."

Sai ya ɗebo riguna masu lafiya daga kan rataya, ya cukuikuye su a hannu har suka yamutse, ya ɗauke su hoto, ya rubuta cewa su ne marasa kyau. Yaya ta kalle shi, ta kalli rigunan. Da yamma ita ta sake goge su.

Ana gobe gwaji ya shigo yana ta kame-kame. Ya yabi labulen da ya shekara uku a rataye, ya tambaye ta ko bayanta ya daina ciwo.

"Faɗi abin da ya kawo ka, Farfesa."

"Dama, kin san da Turanci za a yi. Kuma ke ba kya son magana a gaban mutane. Sai na ga gara in hutar da ke. Akwai wata 'yar ajinmu, ita za ta zauna a matsayin telar. Minti biyar ne kawai."

Yaya ta sa haƙori ta yanke zare. "Ta iya ɗinki?"

"Ta iya magana."

Jakar nan da sabuwar riga a ciki ta tura ta da ƙafa can ƙarƙashin benci.

Ƙarfe goma na safe 'yar ajin ta iso, doguwa mai tabarau, ƙamshin turarenta ya danne warin man keke. Ta ce, "Sannu, Anti, shagonki ya burge ni," da irin muryar da ake yaba wanda aka je dubawa a asibiti. Ta ɗauki tef ɗin awo ta yafa a wuya kamar sarƙa, ta zauna a kujerar keke, ta ɗora takalmi mai tsini a kan matakin. Yaya ta koma bencin masu jira da wani siket tana yi masa kalmasa da hannu.

Allo ya kawo fuskoki ƙanana fiye da ashirin, a tsakiya malamar shirin, mace mai furfura da yawan murmushi. Mai tabarau ta buɗe baki, Turanci ya yi ta zuba. Yaya ba ta ji duka ba, amma ta ga yarinyar ta dafa ƙirji sau biyu, ta gane wahalar sana'a ake bayani. Farcenta kuwa dogaye, an shafe su da ja.

Malamar ta ce a gwada manhajar da rigar da ba ta taɓa gani ba. Mai tabarau ta miƙa hannu ta ciro wata shuɗiya daga kan rataya. Yaya ta ɗaga ido. Rigar nan ba a ɗinke take ba. Kama ta kawai ta yi da dogon zare, ta goge, don mai ita ta zo ta gwada a jiki. Ta buɗe baki, sai ta tuna an hutar da ita, ta mayar da kai kan siket.

Farfesa ya saita waya. Allon ya yi kore, ya rubuta cewa ɗinkin ya yi kyau, casa'in da takwas cikin ɗari. Fuskokin suka tafa. Mai tabarau ta ɗaga rigar ta kafaɗa ta girgiza don kowa ya gani da kyau. Hannun rigar na dama ya zare ya faɗi a kan kwamfuta.

Wani a cikin ƙananan fuskokin ya rufe baki da hannu. Malamar ta ce ba komai, a kawo wata. Farfesa ya dudduba a rikice, idonsa ya faɗa kan jakar ƙarƙashin benci. Kafin Yaya ta motsa ya zaro rigar ruwan toka, duk ta yamutse da ninki. Ya saita waya. Allon ya yi ja. Ɗinkin banza, in ji na'ura.

Malamar ta juya ga telar, ta nemi ta nuna inda laifin yake. Mai tabarau ta juya rigar gaba, ta juya ta baya, ta ce launin ne bai fito ba. Cikin ruɗewa ta danna matakin keke, ƙafar keken ta juya baya, zare ya tsinke, allura ta karye.

Yaya ta ajiye siket ɗin ta miƙe.

"Ƙanwata, tashi. Ki bar min tef ɗina a nan."

Yarinyar ta tashi da sauri kamar dama jira take. Yaya ta zauna a kujerarta. Tsohuwar rigar aiki ce a jikinta, da zare manne a kafaɗa. Duk abin da ta jera a gaban madubi ya gudu. Ta ɗauki rigar ruwan toka ta juya ta baibai, ta kai ta bakin kyamara.

"Farfesa, faɗa wa malamar ni ce telar. Kuma yadda na faɗa za ka faɗa, kada ka yi wa maganar guga."

Farfesa ya fassara.

"Ta ciki ake duba ɗinki. Nan za ki ga ko zaren sama da na ƙasa sun haɗu a tsakiya, ko keke ya yi tsalle, ko an kulle ƙarshe. Wannan ba abin da ya same ta." Ta ja kafaɗar da ƙarfi da hannu biyu, ɗinkin bai motsa ba. "Na'urarsa guga ta koya. A kai ta shagon wanki, can za ta yi amfani."

Ya fassara har da na shagon wankin, idonsa a ƙasa.

Malamar ta haɗa hannu a ƙirji. Ta yi magana mai tsawo, idonta har da ƙwalla. Farfesa ya ce ta ce don irin wannan muryar aka kafa shirin, kuma ta ba shi mako biyu ya sake aikin daga farko, tare da telar gaskiya.

"Tambaye ta, fom ɗin nasu har yanzu yana neman sunan kwaleji?"

Ya tambaya. Malamar ta yi murmushi, ta ce tambaya ce mai muhimmanci, za su duba.

Yaya ta san wannan amsar. Irinta take ba mai kayan da ko yankawa ba ta yi ba. Ƙararrawa ta buga a allon, minti biyar ya cika, aka koma kan wani ɗalibi da manhajar gane ciwon tumatir.

Mai tabarau ta ce tana da lacca, ta fita ba ta ko kalli Farfesa ba. Shi kuwa ya durƙusa ya jawo buhun daga ƙarƙashin tebur, ƙura ta tashi. Ya zaro wani wando mai ƙafa ɗaya a murɗe, ya shimfiɗa a kan teburin yanka, ya ɗaga waya.

"Juya shi baibai," in ji Yaya, tana kwance karyayyar allura. "Kuma ka sauka daga teburin yankana. Ga benci can."