Ruwan da Malam Bello Bai Sha Ba

Sau uku Talatu tana zuwa ofishin wata makarantar kwana a Tarauni tana tambayar abin da ya sa aka sallame ta daga dafa abincin ɗalibai, sau uku ana canza mata dalili. Yau a ce bazawara ce, gobe a ce Bamagujiya ce da ta musulunta jiya-jiya. Ainihin dalilin kuwa ba mai faɗa: wani ne ya tsegunta cewa ubanta kuturu ne. Ita lafiyarta garau, amma tun daga nan ko a famfon unguwarsu ta Gyadi-Gyadi sai mata su janye bokitansu.

Ana haka sai ga wani Malam Bello, akawun lauya, ya yi sallama da hantsi. Wai sabon tsarin mulkin farar hula ya hana a ware mutum saboda asalin haihuwarsa, in ta dangwala yatsa a takardar da ya kawo za a nemo mata aikinta a kotu. Talatu ta dubi takalminsa mai sheƙi, ranta bai kwanta ba. Wa ya aiko shi? Ba ta yi boko ba, ina ta sani ko takardar ajiye aiki ce hedimasta ya ba shi?

Ta shimfiɗa masa tabarma a soro, ta kawo ruwan randa a moɗa, sannan ta leƙa ta katanga ta kira Regina, maƙwabciyarta mai aikin jinya. Regina ta karanta takardar har sau biyu, ta ce ƙara ce ta gaskiya, babu wani tarko. Kunya ta kama Talatu, ashe ta zargi bawan Allah a banza.

Ta miƙa masa hannu don ya kama babban yatsanta ya danna, kamar yadda akawu ke yi wa kowa. Sai ya turo mata tawadar da gindin biro.

"Danna da kanki, Malama, nan ƙasa."

A lokacin ne idonta ya faɗa kan moɗar, cike take fal yadda ta ajiye ta.

"Malam, ba ka sha ruwa ba."

"Alhamdu lillahi, na sha a hanya," in ji shi, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta danna, don aikinta take so. Ya ɗauki takardar ta gefe da yatsu biyu, yana mata alkawarin cewa za su tsaya gaban alƙali su nuna ita ma mutum ce kamar kowa. Bayan ya fita, ta ɗauki moɗar ta mayar da ruwan cikin randa.